Tsutsar Ciki Da Ɓarnar Da Ta Ke Yi Wa Hanji

Wannan ɗan littafi dominka ne, maigida, da ke uwargida, da kuma yaron gida wanda ya iya karatu, don ya karanta wa sauran jama'a. Maganar tsutsar ciki za mu yi. Kowa ya san ta, har sabo ya sa an raina ta. Yaro ya yi kashi a ga tsutsa, sai uwa ta ce ai ba kome, wane yaro ne ba shi da ita? Waɗansu ma su kan ce da ita aka halicci mutum, wai ita ke taya shi narkar da abinci. Ba haka ba ne. Tsutsa baƙuwa ce, daga ƙasa ta ke shigowa, kuma ci da jikin mutum ta ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 1,500 ke ɗauke da irin tsutsotsin nan da a ke samu daga ƙasa, watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu na duniya duka.

Iri uku ne suka fi damunmu. Akwai macijin ciki, mai kama da tana, wanda tsawonsa ya kan kai ƙafa ɗaya. Akwai mai ƙugiya, wadda ba ta kai rabin inci ba, ta kan kama jikin ƙaramin hanji ta sha jini. Akwai kuma mai kama da bulala, wadda ke cusa siririn kanta a jikin babban hanji. Tsila, wadda a ke samu wajen cin naman da bai dahu ba, maganarta daban ce.

YADDA AKA SAN ABIN DA KE CIKI

Watakila ka tambaya, yaya likita ya san abin da tsutsa ke yi a hanji, alhali ba a tsaga cikin yaro mai rai don a duba? To, a wurin dabbobi aka koya. A manyan makarantun likita akwai ɗakunan bincike inda a ke kiwon fararen ɓeraye, manya da ƙanana, cikin keji mai tsabta. Ana auna abincin da suka ci, ana auna nauyinsu. Sai a raba su kashi biyu, a ƙidaya tsutsa a ba kashi ɗaya, a bar ɗayan lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki a duba hanjin waɗannan da na waɗancan da madubin likita. Da ya ke abincinsu ɗaya ne, shekarunsu ɗaya, wurin kwanansu ɗaya, duk bambancin da aka gani aikin tsutsa ne. An kuma yi irin wannan gwaji da karnuka da aladu.

Ɓera yana da tasa tsutsar mai kama da mai ƙugiya, ba ta kuwa kama mutum. Amma kada wannan ya sa ka yi sakaci da ɓeran gida, gama shi ke kawo zazzaɓin Lassa. Waɗancan na keji daban su ke.

HANYAR DA TSUTSA KE BI

Wani masani Bajamushe, sunansa Looss, yana aiki a birnin Alƙahira, sai ruwan da ke da 'ya'yan tsutsa mai ƙugiya ya zubo masa a hannu. Wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi. Bayan waɗansu makonni ya sami ƙwan tsutsar a bayan gidansa. Nan ya gane ta fata ta ke shiga. Ya yi ta gwaji da karnuka har ya bi sawunta: daga fata ta shiga jini, jini ya kai ta huhu, ta hauro maƙogwaro, a haɗiye ta da miyau, sa'an nan ta sauka hanji ta zauna.

Macijin ciki kuwa ƙwansa a ke haɗiya. A 1916 wani likitan soja Bature, Stewart, ya ba ɓeraye ƙwan a Hong Kong. Ya ga ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji, amma 'ya'yan ba su zauna nan ba. Suka huda hanji, suka bi ta hanta, suka isa huhu, ɓerayen suka kamu da ciwon huhu. A 1922 wani likita a Japan, Koino, ya haɗiye ƙwai 2,000 da gangan. Ya yi zazzaɓi da tari mai tsanani, ya kuwa sami 'ya'yan tsutsar cikin majinar da ya tofar. Ka ga abin da aka gani a ɓera ya tabbata a mutum. Saboda haka wani tarin na yara, da wata shesshekar, mafarinsu tsutsa ce mai wucewa.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe. Waɗannan iri uku ba su hayayyafa su ƙaru a cikin ciki. Macen macijin ciki ta kan zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, amma duk sai sun fita da kashi, sun kwana mako biyu ko uku a ƙasa, kafin su iya kama wani. Kowace tsutsa da ke cikin yaronka, ita kaɗai ta shigo daga waje, ko ta baki ko ta ƙafa.

ABIN DA AKA GANI A HANJIN ƁERA

In an yanka rago ran Babbar Salla, ka tsaga ƙaramin hanji ka wanke, ka shafa cikinsa da yatsa. Za ka ji shi da laushi kamar karammiski. A madubin likita laushin nan 'yan tsirarrai ne dubu dubbai, suna tsaye kamar 'yan yatsu. Su ne ke tsotse amfanin abinci su zuba cikin jini, kamar yadda saiwar gero ke shan ruwa da taki. Tuwon da yaro ya ci bai zama nama da ƙashi ba sai ya bi ta cikinsu. Na mutum haka ya ke, na ɓera ma haka.

To, in aka sa wa babban ɓera tsutsarsa a fata, kwana ɗaya tana huhu, kwana uku tana hanji, wajen kwana shida ta fara ƙwai. In aka duba hanjinsa a wannan lokaci, sai a ga 'yan yatsun nan sun gajarce, sun kumbura, waɗansu sun manne da juna, wurin ya zama kamar gonar da dabbobi suka tattake. Jikin hanjin ya yi kauri, ya yi nauyi, ruwa ya taru a ciki. Masana a Ostiraliya, tun wajen 1960, sun auna sun ga wannan yanki da tsutsa ta zauna ya rage tsotsar sukari da gishiri da ruwa. Sun kuma ga wani abin mamaki: can ƙarshen hanji, inda tsutsa ba ta kai ba, ya kan ƙara himma don ya cike giɓin. Shi ya sa mai tsutsa kaɗan, in yana samun abinci sosai, ba a ganin kome a jikinsa. Amma in ta yi yawa, ko abincin dā ma kaɗan ne, giɓin ba ya cikuwa.

Ɓeran kuma ya kan rage cin abinci ƙwarai, ko da an cika masa kwano. Wannan ni a ganina shi ne ɓarnar da aka fi rainawa. Mutane sun ɗauka mai tsutsa ci ya ke yi ba ya ƙoshi. Sau da yawa akasin haka ne. A ɗakin magani mun saba jin uwa ta ce yaronta ba ya son tuwo, sai ya tsakura ya ture. A yi masa faɗa, a ce iyayi ne, alhali kuwa ciki ne ba lafiya. A Kenya, a 1993, an ba da labarin 'yan makaranta maza masu tsutsa waɗanda aka ba magani sau ɗaya. Bayan wata huɗu cin abincinsu ya ƙaru, nauyinsu ya fi na 'yan'uwansu da ba a ba ba.

Alade yana da macijin ciki wanda kusan ba a bambanta shi da na mutum, hanjinsa kuma ya yi kama da namu, don haka masana ke gwaji da shi. A Amurka, a 1981, an ga 'ya'yan aladu masu wannan tsutsa sun rage yin sinadarin da ke narkar da zaƙin madara. Aka je ƙasar Panama aka gwada yara, aka tarar masu macijin ciki su ma ba su narkar da madara sosai, bayan an ba su magani kuwa abin ya gyaru. Ba a ce a hana yaro madara ba. Tsutsar za a kashe.

Yadda mai ƙugiya ke shan jini kuwa, a hanjin kare aka gan shi da ido, a 1931. Ta kan cika bakinta da naman hanji, ta yi ta zuƙa, jinin yana fita ta bayanta ɗigo ɗigo, watau abin da ta ke zubarwa ya fi abin da ta ke amfani da shi. Miyaunta yana hana jini daskarewa, saboda haka in ta saki wuri ta koma wani, tsohon mikin ya yi ta tsiyaya. Daga baya aka auna a jikin mutane. Ƙaramar irin ba ta zubar da ɗigo ɗaya cikakke a rana, babbar irin ɗigo uku ko huɗu. Ka ce wannan ai ba kome ba ne. To, lissafa. Mai ƙaramar irin guda 1,000 yana hasarar babban cokali biyu na jini kowace rana, kusan lita ɗaya ke nan a wata, jinin babban mutum duka kuwa wajen lita 5 ne. Ba a ganin jan jini a kashin, don ya narke ya gauraye. Sai dai a ga mutum ya ɗashe, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, in ya ɗan yi noma sai haki, ƙafa ta kumbura, wani har ya riƙa marmarin cin ƙasa.

Mikin da tsutsa ke yi ƙofa ce ga waɗansu cututtuka. A 2003, a Amurka, an ba waɗansu 'ya'yan aladu tsutsa mai bulala kaɗai, waɗansu ƙwayar cutar zawo kaɗai, waɗansu kuma duka biyu. Na farko da na biyu ba su sha wata wahala ba. Waɗanda aka haɗa wa biyun su ne suka yi zawo da jini. Yaron da mai bulala ta yi wa yawa ya kan yi ta atuni, ya yi ta yunƙuri har dubura ta fito waje.

HANJI BA YA ZAMA A CI SHI

Allah ya yi wa hanji makamai. A jikinsa akwai waɗansu 'yan halittu ƙanana masu tukku a ka, an daɗe da ganinsu ba a san aikinsu ba. Sai a 2016 ƙungiyoyin masana uku, a Faransa da Amurka, suka gano cewa masu gadi ne. Su ke fara jin baƙo ya shigo, su yi kururuwa, jiki ya tashi. Sai hanji ya yi ta zubo da ruwa da yauƙi kamar miyar kuɓewa, har tsutsa ta kasa riƙe wuri, naman hanji kuma ya riƙa matsawa da ƙarfi yana tura ta waje. A Jami'ar Manchester ta Ingila, a 2005, an ga wata dabarar kuma: fatar cikin hanji, wadda dā ma ta kan sabunta cikin 'yan kwanaki, sai ta ƙara sauri, ta saɓule da tsutsar da ta cusa kai a cikinta.

Da waɗannan makamai babban ɓera mai ƙoshi ya kan fara korar tsutsarsa wajen kwana na 10. Kafin mako uku kusan duk ta fita, ba da wani magani ba. 'Yan yatsun hanji su sāke tsirowa, cin abinci ya komo. In aka sāke sa masa tsutsar, korar ta fi ta farko sauri. Abin farin ciki a nan shi ne, hanji yana warkewa in aka raba shi da tsutsa.

WAƊANDA SUKA KASA KORA

Nan ne maganar ta iso gidanka. Ba kowane ɓera ke iya korar nan ba.

A Jami'ar Glasgow, wajen 1966 zuwa 1968, an ga ɓeran da aka sa wa tsutsa tun yana ƙarami ba ya iya korarta duka, ta kan zauna masa har ya girma. A 1970 aka ga uwar ɓera mai shayarwa ita ma ta kasa, sai an raba ta da 'ya'yan. Makiyaya ba za su yi mamaki ba, don tunkiya ma lokacin haihuwa da shayarwa tsutsa ta fi cin ƙarfinta. A 1977, a birnin Sidni na Ostiraliya, aka rage wa waɗansu ɓeraye abinci mai gina jiki, waɗansu aka rage musu sinadarin ƙarfe wanda jiki ke yin jini da shi. Duka biyu korar ta yi jinkiri. Da aka mayar wa na biyun ƙarfen, sai suka kori tsutsa a kan lokaci. Dubi yadda abin ke zagayawa: tsutsa ta rage jini da cin abinci, rashin jini da rashin abinci kuma su ba tsutsa wurin zama.

Gwajin da ya fi kama da zamanmu shi ne na 1971 a Ingila. Maimakon a zuba wa ɓera tsutsa da yawa gaba ɗaya, sai aka riƙa ba shi 'yan kaɗan kowace rana. Jikinsa bai tashi da ƙarfi kamar dā ba. Tsutsar ta yi ta taruwa, ta zauna mako da makonni. An ga irin wannan ga ƙananan ɓeraye da mai bulala: ƙwai da yawa lokaci ɗaya a kore su, ƙwai kaɗan kuwa su sami gindin zama.

Yanzu ka dubi tsakar gidanka. Wa ke rarrafe a ƙasa yana kai hannu baki? Wa ke goyo, ga kuma aikin gida? Wa a ke ba tuwo da ruwan miya, nama ya tafi kwanon manya? A ina a ke taka kashi kaɗan kaɗan kowace safiya, in ba a bayan danga da gindin bishiya ba? Duk abubuwa huɗun nan da suka kayar da ɓera suna iya haɗuwa a gida ɗaya.

Mutum dai ba ɓera ba ne, kada ka zauna jiran jikin yaronka ya kori tsutsa da kansa. Tsutsotsinmu sun iya lallashin jiki ya ƙyale su. Macijin ciki ya kan yi shekara ɗaya ko biyu, mai ƙugiya ta kan yi shekaru. Wannan lallashi ne ya sa aka ga tsutsa tana rage wani irin kumburin hanji ga ƙananan ɓeraye, har waɗansu likitoci suka gwada ba masu irin ciwon ƙwan tsutsar alade. Da aka yi babban gwaji a Amurka, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna bai fi ruwan banza ba. In ka ji ana cewa Turawa ma sun ce tsutsa magani ce, iyakar labarin ke nan.

ABIN DA ZA KA YI

Magani yana nan, albendazol ko mebendazol, ƙwaya ɗaya a tauna. In an zo rabo a makaranta ko a ƙofar mai unguwa, ka tura yaranka duka, har da waɗanda ba su zuwa boko da almajiran da ke hannunka. A inda tsutsa ta yi yawa, sau ɗaya ko sau biyu a shekara a ke bayarwa. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, rabin ƙwayar albendazol. Ƙaramin yaro a murƙushe masa a ɗan ruwa, kada a danna masa ƙwaya yana kuka, don ta kan shaƙe shi. Mace mai ciki ba ta sha sai cikin ya wuce wata uku, ta kuma karɓi maganin ƙarin jini a wurin awo. Mai bulala tana da taurin kai, sau da yawa ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai ma'aikacin lafiya ya ƙara kwanaki.

Amma magani na cikin ciki ya ke kashewa, ba ya taɓa na ƙasa. A 2012 an tattara binciken ƙasashe da dama, aka ga bayan shekara ɗaya da shan magani yawan masu macijin ciki ya koma kusan yadda ya ke dā. Ƙwan macijin ciki ya kan yi shekaru da rai a ƙasa mai inuwa. Saboda haka sai ka haƙa salga, nesa da rijiya kuma ta gangaren ta, ka yi mata murfi, kowa ya shiga. Uwargida, kashin yaro ba shi da tsarkin da a ke ba shi, shi ya fi na babba ƙwan tsutsa. Ki zaunar da shi a fo, ki juye a salga, in kuwa ya yi a ƙasa ki kwashe nan da nan har da ƙasar wurin. Wanda ya matsu a gona ya tona rami ya binne.

Tsarki da ruwan buta kaɗai ba ya fid da ƙwai daga hannu. A bi da sabulu, in babu a sa toka, bayan an fito salga, bayan an wanke wa yaro, da kuma kafin a sa hannu a kwano. A yanke wa yara farce. Latas da karas da tumatir da duk abin da a ke ci ɗanye a wanke shi sosai, balle na lambun da a ke yi wa ban ruwa da ruwan kwata. 'Ya'yan mai ƙugiya suna son ƙasa mai rairayi da laima da inuwa, rana mai zafi da fari su ke kashe su, don haka damina da fadama su ne wurin hatsari. Takalmi, ko da silifa ne, ya fi sauƙin kuɗi bisa jinyar rashin jini.

Sai abinci. Ba lalle sai nama kullum ba. Wake, gyaɗa, ƙuliƙuli, awara, daddawa, ƙwai, busasshen kifi, nono, da ganye irin su zogale da alayyafo da rama, duk suna gina jiki, hanta kuwa ba ta da na biyu wajen ƙarin jini. A ware wa ƙaramin yaro nasa kwano, kada ya yi kokawa da yayyensa, mai goyo kuma a ƙara mata. Bayan yaro ya sha magani marmarin abinci ya kan taso masa. Lokacin ne hanjinsa ke sāke gini, kada a ce ya cika ci.

Wani lokaci macijin ciki ya kan dunƙule ya toshe hanjin ƙaramin yaro. Alamarsa ciwon ciki mai tsanani, da amai, ciki ya kumbura, ba kashi ba tusa. Kada a ba shi maganin wankin ciki, ko jiƙo, ko kananzir, kada ma a ba shi maganin tsutsa a gida. A kai shi babban asibiti a ranar, ko da dare ne.

In kana so a duba yaro a ɗakin magani, ka zo da kashin da ya yi a safiyar nan. Ɗan kaɗan ya isa, kamar girman ƙwayar gyaɗa. A ɗebo da tsinke mai tsabta, a sa a ƙaramar kwalba ko gwangwani mai murfi, kada ya gauraya da fitsari ko ƙasa. In yara biyu ne, kowa da nasa mazubi, a rubuta suna a jiki.